Na-Riga da Na'urorin da Suka Manta Sunansu

Ga wata nan tafe, ku gyara zama. Ba ta kura ba ce, ba kuma ta zomo ba. Ta wani mutum ce mai kwamfuta, wanda da ransa da lafiyarsa ya haukatar da na'urorin tashar mota guda.

A saman wani bene, bisa shagon mai aski da na mai kyamis, akwai wani ƙaramin kamfani na masu rubuta manhaja. Ɗaki biyu ne da baranda, sai wata fanka da ta fi ƙwarewa a kuka fiye da iska. Mai kamfanin mace ce, kowa Yaya yake ce mata, har waɗanda suka girme ta. Akwai Dogo, mai rubuta manhaja, mutum mara son hayaniya. Akwai wadda ke gwada duk abin da aka rubuta kafin a kai wa masu shi, ana ce mata Tsinke, don komai ƙanƙantar rami sai ta zungure shi. Sai kuma ƙanen Yaya, uwa ɗaya uba ɗaya, wanda shi ne ya jawo wannan labari.

Shi ya fi so a ce masa Injiniya. Amma tun yana ƙarami, in ka buɗe baki za ka gaya masa abu, kafin ka kai rabi zai ɗaga hannu ya ce, “Na riga na sani.” Ko hanya ya ɓata ba ya tambaya. Sai ya yi ta zagaye unguwa yana cewa iska yake sha. Da haka sunan Na-Riga ya bi shi.

To, abin da kamfanin ke taƙama da shi wani ɗan ƙunshin aiki ne da masu sana'ar ke kira laburare, amma ba na littattafai ba. Rubutu ne da aka riga aka shirya, wanda kowace manhaja za ta ara ta yi aiki da shi. Aikinsa ɗaya ne, irin na baƙo mai ladabi. Kowace na'ura, waya ce ko kwamfuta ko allon bango, tana da uwar manhajar da ke tafiyar da ita: wannan Windows, waccan Android, wata Linux. Halinsu ba ɗaya ba. Inda wannan ke ajiye kaya ba nan waccan ke ajiyewa ba. Wata da yatsa ake taɓa ta, wata da linzami, wato ɗan abin nan da ake ja a tebur ana dannawa. Saboda haka da zarar an buɗe manhaja, sai laburaren ya yi sallama ya tambayi na'urar, “Wace ce ke? Wa ke riƙe da gidan nan?” Na'urar ta faɗi sunanta, manhaja ta san yadda za ta zauna. Shi ke nan. Shekara da shekaru abin yana tafiya ba wanda ya taɓa jin kansa.

Ana nan sai ƙungiyar masu motocin haya suka gina sabuwar tasha, suka ba kamfanin aikin manhajar tikiti. Manhaja ɗaya ce, amma za ta hau wayoyin masu sayar da tikiti, da kwamfutar ofis, da injin buga tikiti, da ƙaton allon da aka kafe a bangon zauren jira. A daidai lokacin kuma haihuwa ta zo wa Yaya. Kafin ta tafi, ta kira ƙanenta.

“Ka daɗe kana damuna da kujerar shugaban sashe,” ta ce. “To ga ta. In aikin tasha ya tashi lafiya, taka ce. In ka ɓata shi, wallahi teburin ƙorafi za ka koma.”

Teburin ƙorafi kuwa yana baranda, kusa da ƙofar banɗaki, da wayar tarho a kai. Nan masu fushi ke bugowa. Nan Na-Riga ya fara aiki, kuma ba abin da ya tsana a duniya kamarsa.

“Haba Yaya, ni za ki yi wa wannan gargaɗi? Ki je ki haihu hankali kwance.”

“Kada ka taɓa laburaren. Lafiyarsa ƙalau. Abin da nake so ka sani shi ne...”

“Na riga na sani, Yaya.”

Ko takalmanta ba su gama sauka daga bene ba, ya jawo kujerar mai juyawa ya zauna, ya ɗora ƙafa kan tebur, ya buɗe laburaren. Ya yi ta kallo yana girgiza kai kamar likitan da ya ga mummunan hoto.

“Dogo! Zo ka ga abin kunya. Wato kullum aka buɗe manhajarmu sai ta tsaya tana tambayar na'ura sunanta? Kamar ɗan ƙauye a bakin titi?”

“Ai haka ake yi ko'ina,” in ji Dogo. “Ba ta ɗaukar ko ƙiftawar ido.”

“Ƙiftawar ido sau miliyan nawa ke nan? Ka lissafa? Ba ka lissafa ba. Manhajar da ta fito daga hannuna ba za ta yi bara ba. Sau ɗaya za a yi tambayar, a nan ofis, lokacin da ake ɗaure manhajar a naɗe ta. A rubuta amsar a cikinta, ta tafi da saninta.”

Tsinke ta leƙo daga bayan allonta. “A kan wace na'ura za a ɗaure ta, ranka ya daɗe?”

“A kan tawa mana.”

“To amsar wa za ta tafi da ita?”

“Tsinke, in manya na tunani, ki riƙa shan shayinki.”

Ya goge sallamar, ya sa tasa dabarar, ya danna. Manhajar ta tashi a kwamfutarsa tas, ba ko tari. Ya juya kujera sau biyu don murna. Da Tsinke ta miƙo hannu ta ce a ba ta ta gwada, sai ya rufe kwamfutar ya rungume.

“Gwaji na masu shakka ne. Amma tunda kuna so ku gani, bari in nuna muku a wayar mutanen gari.”

Ya sauka shagon mai aski, su Dogo na biye. Shagon a cike yake, wani na kan kujera da kumfa a haɓa. Na-Riga ya karɓi wayar mai aski ya sa mata manhajar, ya miƙa masa da hannu ɗaya yana kallon rufi.

“Buɗe, maigida. Yau za ka ga abin da jikokinka za su ba da labari.”

Mai aski ya goge hannu ya buɗe. Ya matso da wayar kusa da ido, ya nisanta ta.

“Injiniya, ta ce in danna linzami.”

“Me?”

“Linzami. Ni dai da na sayi wayar nan caja kawai aka ba ni.”

Abin da ya faru a fili yake. Manhajar ta taho da amsar da ta ji a ofis, don haka duk inda ta sauka, ita a ganinta kwamfutar Na-Riga ce. Ta shiga neman foldar da take ajiye kaya a can, ta rasa. Sai ta fito da saƙo da manyan baƙaƙe, mai aski kuwa ya karanta da ƙarfi, don shi mutum ne mai son a amfana da karatunsa:

“‘Ba a sami foldar Sarkin Kwamfuta Na Duniya ba.’ Injiniya, wane ne wannan sarki? Ko shi ya ba ku aikin?”

Sunan da Na-Riga ya sa wa kansa ke nan a kwamfutarsa, bai taɓa zaton wani zai gani ba. Mai kumfa a haɓa ya yi dariya har reza ta kusa yanka shi. Wani tsoho da ke jiran layi ya cire hula ya duƙa ya ce, “Allah ya ja zamanin sarki. Ashe a saman kanmu fadar take, ba mu sani ba.”

Na-Riga ya fizge wayar. “Wayarka ce ba ta da tarbiyya. A tawa yana aiki.”

“Taka ce za ta sayar da tikiti a tasha?” in ji Tsinke.

A kan matakala Dogo ya rage murya. “Ka bari in mayar da sallamar. Ba wanda zai ji.”

“In mayar? Don ku ce na kasa? Ai yanzu na gano matsalar. Ba tambaya ake buƙata ba, basira ake buƙata. Ni in na ga mutum, daga takalminsa nake sanin sana'arsa. Haka zan koya wa laburaren. Ya kalli na'ura kawai ya san ko wace ce.”

Ya zauna ya tsara dokokinsa, yana faɗa da baki don a ji. Duk na'urar da ke da batir, waya ce. Wadda ba ta da batir, kwamfutar ofis ce. Mai faffaɗan allo kuwa allon bango ce.

“Taka kwamfutar ai tana da batir,” in ji Dogo.

“Tawa na rubuta mata dokarta daban.”

Tsinke ta ajiye kofi. “Injiniya, wannan ba injiniyanci ba ne, duba ne. Saura ka shimfiɗa yashi a ƙasa ka riƙa zane.”

“Ki yi ta magana. Sunana za a rubuta, ba naki ba.”

Wannan karon mai kyamis aka je wa, don yana da kwamfutar tebur da yake duba magunguna. Dattijo ne mai tsafta, allonsa ko ƙura ba ta sauka. Ya yarda ne kawai don kunyar Yaya. Abin da Na-Riga bai kula ba, a ƙarƙashin tebur akwai akwatin batir da ke riƙe wa kwamfutar wuta in an ɗauke. Laburaren ya shinshina ya ji batir, ya yanke hukunci: waya ce.

Rubutu ya fito: “Shafa allo da yatsa.”

Mai kyamis ya dubi Na-Riga. Na-Riga ya ce, “Shafa mana, Baba. Zamani ne.”

Dattijo ya shafa. Shiru. Ya ƙara shafawa. Ya sa yatsa biyu, ya sa tafin hannu, har allon ya yi dabbare-dabbare kamar tagar motar haya. Wata mata da ta zo sayen maganin tari ta tsaya tana kallo, goyonta ma ya leƙo.

“Baba, ciwo yake yi ne kake masa tausa?”

Sai wani rubutun ya fito: “Juya na'urarka a tsaye.”

“A'a,” in ji mai kyamis. “Nan kam na tsaya.”

“Kawo in nuna maka.” Na-Riga ya rungumi allon ya juya shi. Igiyar wutar da ke bayan allon ta ja kwalbar alewar tari, kwalbar ta ja sikeli, sikeli ya tafi da tiren ƙwayoyi. Ƙwayoyi suka watsu har bakin titi, farare da jajaye, suna gangarawa kwata.

Mai kyamis bai ɗaga murya ba. Ya cire tabarau ya ninke. “Ɗana, na san mahaifinku, mutumin kirki ne. Don shi zan ce maka fita kawai.”

“Baba, kwamfutarka ce ta yi ƙarya. Me ya kai kwamfutar tebur ga batir?”

“Fita.”

Daga ranar, in Na-Riga zai hau bene, sai yaran shagon aski su jera su ce, “Sarki ya iso!” Mai kyamis kuwa in ya hango shi sai ya lulluɓe allonsa da tawul.

Tsinke ta ga abin ya wuce wasa, ta buga wa Yaya waya ta gaya mata. Yaya ta kira ƙanenta, jariri na kuka a gefe.

“Me nake ji? Ka taɓa laburaren?”

“Gyara na yi masa, Yaya. Hassada ce kawai ke cin mutane. Bari ki gani da idonki.”

Ya ɗauki bidiyon manhajar tana aiki sumul a kwamfutarsa, ya tura mata. Yaya, da barci bai ishe ta ba, ta kalla da ido ɗaya ta ce to, Allah ya taimaka.

Sai Na-Riga ya shiga ɗinki kan ɗinki. Tunda batir ya yaudare shi, ya ƙara doka: na'urar da ta daɗe a jone da wuta ba ta motsa ba, allon bango ce. Dogo ya ce waya ma ana barin ta a caji. Na-Riga ya ce mai hankali ba ya barin waya a caji. Ya ƙara wata: mai batir da ba ta da linzami, waya ce ko da ta rantse. Ya ƙara wata a kan wannan, ya ƙara wata don ta gyara waccan, har dokokin suka cakuɗe kamar wayoyin bayan tebur. Daga ƙarshe ya rufe da babbar hikimarsa: duk na'urar da ba ta dace da kowace doka ba, injin buga tikiti ce.

“Me ya sa?” in ji Dogo.

“Don shi kaɗai ya rage. Wannan shi ake kira lissafi.”

Bayan kowace doka sai ya gwada a kwamfutarsa, ta yi aiki, ya buga tebur ya ce, “Kun gani?” Tsinke kuwa ta sayi sabon mayafi, ta ce ba za ta je kallon bikin buɗe tasha da tsohon kaya ba.

Ranar buɗe tasha ta zo. Zauren jira ya cika maƙil: direbobi, masu lodi, fasinjoji da jakunkuna, masu talla a bakin ƙofa. Shugaban ƙungiya, wani ƙaƙƙarfan mutum mai muryar da ba ta buƙatar lasifika, yana zaune a gaba. Yaya ma ta lallaɓo ta zo, ta zauna a gefe. Mai aski ya rufe shago ya biyo su, ya ce ko aski goma zai rasa ba zai rasa wannan ba.

Tun da safe Na-Riga ya bi na'urorin ɗaya bayan ɗaya ya sa musu manhajar, bai buɗe ko ɗaya ba, wai kada ya rage wa taron armashi. Masu sayar da tikiti kuwa, don kada batir ya ba su kunya, duk sun jona wayoyinsu a caji tun da suka iso.

Aka ba shi lasifika. Ya gyara wuyan riga.

“Jama'a, manhajar da za ku gani yau ba irin wadda kuka saba ba ce. Sauran manhajojin duniya sai sun tambayi na'ura sunanta. Tawa kallo ɗaya take yi. A kunna allo!”

Aka kunna ƙaton allon bango. Ashe masu kafa shi sun sa masa ɗan batir a baya saboda ɗaukewar wuta. Ga batir, ba linzami, kuma yanzu aka jona shi da wuta. Laburaren ya ce waya ce, ko da ta rantse. Sai jadawalin motoci ya fito a wani ɗan siririn zubi a tsakiyar allon, faɗinsa bai fi tafin hannu ba, hagu da dama baƙi ƙirin. Mutane suka miƙa wuya suna ƙanƙance ido.

“Wannan rubutu ne ko tururuwa?” in ji wata tsohuwa.

Kafin a amsa mata, allon ya dushe, ya mutu, don waya takan yi barci ta adana batir. Ɗan rubutu ya rage a tsakiya: “Taɓa allo don ya farka.”

Allon kuwa yana can sama, kusa da rufi.

“A kawo tsani,” in ji Na-Riga, kamar dama haka aka tsara.

Aka kawo tsani. Wani direba mai tumbi ya hau yana nishi, ya taɓa. Allon ya farka. Aka yi tafi. Ya sauko, ƙafarsa na taɓa ƙasa allon ya sake mutuwa. Ya koma ya taɓa. Ya sauko, ya mutu.

“Ka zauna a can kawai!” wani ya yi ihu daga baya. “An sama maka aiki!”

“Ni direba ne, ba mai raino ba!” in ji na kan tsani. Amma ya zauna, yana zungurar allon lokaci-lokaci kamar mai tsare jariri daga barci.

Shugaba ya yi gyaran murya. “Injiniya, haka abin yake?”

“Yana sabawa da wurin ne, Shugaba. Mu je ga tikiti. Wa zai sayi tikitin farko?”

Tsohuwar nan ta matso tagar farko. Mai sayarwa ya ɗauki wayarsa, ya duba, ya dubi na kusa da shi, shi ma yana duban tasa. Wayoyin sun daɗe a jone ba su motsa ba, wannan doka kuwa ita ce a gaba, saboda haka kowace ta ɗauki kanta allon bango. Allon bango kuwa aikinsa sanarwa. Sai duk suka buɗe murya a tare, iya ƙarfinsu, kowace na kiran mota daban: “Fasinjoji su shiga! Mota za ta tashi! Fasinjoji su shiga!”

Zaure ya yamutse. Masu jaka suka suri jaka, masu yara suka suri yara, aka yi ƙofa ana ture-ture. Masu lodi suka ruga suna tambayar wace mota. Babu motar da ko injinta aka tayar. Wani ya taka buhun wani, aka fara zage-zage. Mai sayar da tikiti na ta danna wayarsa, ita kuwa ta rubuta masa: “Yi amfani da rimot.”

“Injiniya! Ta ce rimot!”

“Ku cire caja! Wa ya ce ku sa su a caji?”

“Wa ya ce kada mu sa?”

Da ƙyar aka kashe su, aka dawo da mutane. Shugaba ya miƙe da kansa, ya je gaban injin buga tikiti, ya ce shi dai a buga masa tikiti ɗaya ya riƙe a hannu, ko don masu ɗaukar hoto. Injin nan tun jiya yake a jone, bai motsa ba. Shi ma allon bango ne a wurin laburaren, allon bango kuwa da manyan baƙaƙe yake rubutu don na nesa ya gani. Injin ya yi ƙara ya fara aman takarda. Harafi ɗaya ya ci tsawon hannu. Takarda ta sauko ƙasa, ta naɗe takalmin Shugaba, ta wuce ƙarƙashin benci, yara suka kama bakinta suka fita da ita waje suna murna. Naɗin takardar ya ƙare ƙaf ba a gama rubuta sunan tashar ba.

Mai aski ya riƙe ciki. “Shugaba, wannan tikitin sai an biya masa kuɗin kaya!”

Shugaba ya juyo a hankali, takarda na jan ƙafarsa. “Injiniya. Ka ce kallo ɗaya take yi.”

Gumi ya jiƙa wa Na-Riga riga, amma bakin bai mutu ba. “Shugaba, gaskiya ɗaya ce: na'urorinku ne ba na ƙwarai ba. An cuce ku wurin saye. Manhajata lafiyarta ƙalau. A tawa kwamfutar tana aiki, kuma yanzu zan nuna wa kowa.”

Ya zaro kwamfutarsa, ya sa aka miƙa wa na kan tsani doguwar waya ya soka a bayan allon bango, don duk zaure ya gani. Abin da bai tuna ba, dokar da ya rubuta wa kwamfutarsa ta san ta da allo ɗaya ne. Yanzu ga ta da biyu. Laburaren ya duba dokar farko, ba ta dace ba. Ya duba ta biyu, ya bi su duka har ƙasa, babu. Sai ya faɗa kan babbar hikima.

Ƙaton allon ya haskaka, wannan karon bango guda, rubutu ɓaro-ɓaro wanda ko na bakin ƙofa ya karanta:

“TAKARDA TA ƘARE. A BUƊE MURFI A SA SABUWA.”

Sai Shugaba ya sunkuya, ya yago guntun tikitin da ke naɗe a ƙafarsa, ya miƙa masa da hannu biyu.

“Ga shi, Injiniya. Sa mata.”

Dariyar da aka yi, har na kan tsani sai da ya rungume tsanin kada ya faɗo. Tsohuwar nan ta ce ita dai a nuna mata mai karɓar kuɗi da hannu irin na da. Tsinke ta gyara sabon mayafinta ta ce wa Dogo, “Kuɗin mayafin nan ya fita.”

Yaya ba ta yi dariya ba. Ta taso a hankali, ta ba Shugaba haƙuri, ta nemi a ba ta zuwa la'asar. Ta zare kwamfutar daga hannun ƙanenta kamar yadda ake karɓe wuƙa daga hannun yaro. Ita da Dogo da Tsinke suka zauna a benci, suka share dokokin duba kaf, suka mayar da sallamar, suka bi na'urorin ɗaya bayan ɗaya. Kowace aka tambaye ta, ta faɗi sunanta ba gardama. Kafin la'asar direba ya sauko daga tsani, tikiti ya dawo girman tikiti.

Na-Riga na tsaye a bayansu yana cewa, “Ai dama abin da nake shirin yi ke nan.”

Yaya ba ta ko waiwayo ba. “Gobe da safe, baranda.”

“Yaya, a gaban mutane? Ni fa ƙanenki ne.”

“Shi ya sa ba titi na ce ba.”

Washegari aka mayar da kujera mai juyawa ɗakin Yaya, aka ba shi ta roba. Tsinke ta zo da kanta ta gaya masa ƙa'idar teburin, tana jan kowace kalma don daɗi: duk wanda ya bugo, kafin komai, a tambaye shi wace irin na'ura ce a hannunsa.

“Na riga na sani,” ya ce.

Bai daɗe da zama ba tarho ya yi ƙara. Duk ofis aka kasa kunne. Ya ɗauka, ya ji an ja numfashi za a yi magana, sai ya ɗaga hannu kamar mai wayar na ganinsa.

“Tsaya, Alhaji, kada ka faɗa. Daga numfashinka na gane. Direba ne kai, babbar mota kake ja, wayarka Android ce, kuma ka bar ta a caji.”

Muryar da ta fito daga tarhon har ɗaki na biyu an ji ta.

“Wane Alhaji? Ni ce uwarka, shashasha! Ba ni yayarka mu yi magana.”

Ƙurunƙus. Tawa ta ƙare a nan, tasa kuwa da sauran tafiya.